Tambayi Kawu: Rigar makaranta da kuɗin tsofaffin ɗalibai

Saƙonni huɗu na ware wannan makon, duk a kan kaya masu tambarin makaranta. Da alama komawa lakwal ta taɓa aljihun mutane. Mu fara da wanda bai kamata ya ci mana lokaci ba.

Kawu, na sayi rigar sanyi a bosho jikka 2 da rabi, an rubuta Harvard a ƙirjinta. Abokaina sun dame ni wai jabu ce. Ta yaya zan gane ko ta asali ce?
Wani saurayi, Sabon Gari

Ɗana, in ta asali ce, me zai ƙaru da kai? Tun 1636 jami'ar nan take a Amurka, kuma riga ba ta taɓa zama takardar shaidarta ba. Kayan da jami'o'in can suka ba da izinin bugawa sukan zo da ƴar takarda mai ƙyalli a rataye, amma wanda ya fara sayen rigar shi ya tsinke ta, tun kafin a ɗaure ta cikin dila ta sauka Lome ko Kwatano. Duba hammata, duba bakin hannu ko robar ta saki. In tana tare maka hunturun Janairu a bisa kabu-kabu, ta biya kuɗinta. Abokanka kuwa su nemi abin yi.

Malam, barka da aiki. Ɗiyata ta ci bak bana, za ta shiga jami'a nan Maradi. Ta ce ƙawayenta duk sun sayi riga da jaka da hula masu sunan jami'ar, wani yaro ke sayarwa ta WhatsApp, duka jikka 15. Ni ƙuli-ƙuli nake yi, mahaifinta ya rasu. Ba na son ta ji ta fi kowa rashi. Ko in ci bashi?
Uwar ɗaliba, Bagalam

Allah ya jiƙan maigida, ya sa wa karatun yarinya albarka. Hajiya, don Allah kada ki ci bashin nan. Babu malamin da zai tsayar da ita a ƙofar aji ya ce ina rigarki. Kuɗin rajista na nan tafe, ga fotokofi da ke cin dala-dala har ya zama jikkuna ba ki sani ba, ga adaidaita safe da yamma, ga intanet a waya. Waɗannan su ne dole.

Amma kada ki yi mata faɗa. Yarinyar da kuɗin ƙuli-ƙuli ya kai jami'a, ai dole ta yi ɗoki. Ki ce ta yi haƙuri ta yi wata biyu a ciki tukuna. In har lokacin ranta na so, ta zaɓi abu guda, kuma jaka ta fi, don ita za ta ɗauki kaye kullum. Ta ja hannun jakar da ƙarfi a gaban mai sayarwa ta ga ko ɗinkin zai buɗe, kuma sai kaya sun shigo hannunta za ta ba da kuɗi. Ki tuna mata cewa Dan Dicko Dankoulodo da jami'ar ke ɗauke da sunansa ɗan garin nan ne, masanin kimiyyar sinadarai, har ya riƙe ministan ilimi. Da karatu aka san shi.

Kawu, mu ne muka gama wani lise a 2009, mun kai mu 80 a ƙungiya. Shugabanni sun ce kowa ya turo jikka 12 a buga mana riga da hula hana-sallah don taron haɗuwa, wai da ribar za a yi wa makaranta aiki. Da na tambayi nawa ce ribar, sai aka ce ba ni da kishin makaranta. In biya?
Tsohon ɗalibi, Ali Ɗan Sofo

Ƙanena, ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da ni.

Jikka 12 sau 80, jikka 960 ke nan. Saura jikka 40 a cika miliyan. Wanda zai riƙe wa jama'a irin wannan kuɗi, kuma ya ji haushi don an ce nawa ne riga ɗaya a wurin mai bugawa, shi ya kamata a tambaya ina kishinsa. Na ga wannan da idona. Shekarun baya ƴan ajinmu suka haɗa irin wannan anko, aka ce za a sayi bencina. Na biya nawa, na biya wa wani abokina da ba shi da hali. Aka yi taro, aka ci kaji, aka ɗauki hoto. Wanki ɗaya rigar ta zuba, ta rina mini farar jamfa da ke cikin bokiti guda da ita. Bencina kuwa har yau muna jira. Ban ce wani ya ci ba. Babu dai wanda ya rubuta komai, kuma kuɗin da ba a rubuta ba ƙafa gare shi.

Wannan al'adar sa tambarin makaranta a riga da hula da kofi, Amurkawa ne suka mai da ita kasuwa. Filin wasan Jami'ar Mishigan na ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma ranar wasa za ka ga wurin ya rine da rawaya da shuɗi, tsofaffi masu furfura da jikokinsu. Amma a can tambarin rajista gare shi. Kamfanin da zai buga sai ya nemi lasisi, kuma cikin kowace rigar da aka sayar akwai kason da ke shiga asusun jami'a. Mai buga na jabu kotu ake kai shi. Mu muka ɗauko rigar muka bar lissafin a can. A nan duk mai waya zai iya sauko da hoton tambari, ya aika Kano a manna a kan riguna mafi araha na Kantin Kwari, kaya su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, a sayar maka da sunan son makaranta alhali ko dala ɗaya ba ta leƙa ƙofarta ba.

To ga abin da za ka nema, kuma ka nema a gaban kowa, ban da ɓoye. A raba kuɗin gida biyu: ga farashin riga da hula, ga gudummawa. Mai son riga ya saya, mai son ba da gudummawa kaɗai ya bayar. A kawo farashi daga masu bugawa biyu ko uku. Kada kuɗin su sauka a lambar mutum ɗaya. A samu mutum biyu masu sa hannu, a kuma riƙa nuna rasit. Sannan a kawo samfur guda kafin a buga 80.

In samfurin ya zo, kada ka tsaya kallon kyan rubutu. Ja wurin tambarin da hannu biyu. In fentin ya tsage kamar busasshen taɓon gulbi, na mannawa ne mai araha, wanki biyar ba zai kai ba. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a jiki ka ga ko launi zai biyo. Zare zare ɗaya daga cikin kalmasa ka kai masa ashana: auduga za ta ci kamar takarda ta bar toka, leda kuwa narkewa za ta yi ta dunƙule. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da zai sa riga a Maradi cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Tambarin da aka yi da zare a keke ya fi tsada, amma sai riga ta mutu ta bar shi. Kuma in kun karɓa, a juya ciki waje a wanke, ban da jabel, ban da ɗora dutsen guga a kan rubutu.

Kafin duk wannan ma, wa a cikinku ya je ya zauna da shugaban makarantar ya ce me kuke buƙata? Mu da muke garin nan ba mu manta Nuwamban 2021 ba, da gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata firamare, yara sama da 20 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Har gobe akwai yaran da ke karatu a ƙasa, akwai makarantun da babu famfo, babu makewayin ƴan mata. Kusan miliyan a hannun mutum 80 masu ilimi, a ce hula za a fara saye?

Ka biya in sun yarda da lissafi a fili. In sun ƙi, ɗauki jikka 12 ɗinka ka ba kafinta ya yi benci, ka kai da kanka, ka karɓi takarda. Ranar taro ka je da rigarka ta gida, za su gane fuskarka.

Kawu, ina da ɗan jari, ina son buɗe shago kusa da jami'a in riƙa sayar da riguna da huluna da maƙallan makulli masu tambari. Zai yi?
Ɗan kasuwa, Zariya

Zai iya yi, amma ban da gaggawa, Alhaji. Fara da zuwa wurin hukumar jami'a ka nemi izini a rubuce. Tambarinsu ne, kuma ranar da aka zo kwashe kaya ba za ka ce ban faɗa maka ba. Kada ka buga shekara a jikin riga, don in ta kwana ta zama tsumma. Cinikin nan na lokaci ne, farkon shekarar karatu da lokacin da ɗalibai ke kare kundinsu. Ga dogon hutu, ga yajin aiki in ya zo, haya kuwa ba ta hutu. Saboda haka bik da kaye da fotokofi da ruwan sanyi su za su riƙe shagon, riguna su zama ƙari. Buga 20 ka gani kafin ka buga 200. Ɗalibi kuma zai ce maka a rubuta sai kuɗin tallafi sun fito. Ka yi masa murmushi, ka ce rigar na nan tana jiran sa.