Amsa kan asibitin da ya daina ba da kati

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce asibitin da kike kai Hajiya ya daina ba da kati, yanzu sai lambar waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kina tambaya ko sauƙi ne ya zo ko ƙarin wahala. Na daɗe ina aiki a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati, na ga zamanin fayil, na ga na kwamfuta.

Amfanin sabon tsarin ba abin musu ba ne. A da mai hawan jini zai yi sammako, a nemi fayil ɗinsa a rasa, a buɗe masa sabo, likita ya fara tambaya daga tushe. Yanzu ana danna lamba tarihinsa ya fito, har da maganin da jikinsa ba ya ɗauka. Masu "kawo na goro in lalubo maka fayil" kuwa kasuwarsu ta mutu, ban kuma yi musu jaje ba.

Sai dai wahalar ba ta kau ba, wuri ta sauya. Ta koma kan wanda ba shi da waya, ko yana da ita amma bai iya karanta saƙo ba. Tun da aka tilasta asusun gwamnati na bai-ɗaya, wato TSA, a 2015, biyan kuɗi a asibitocin tarayya ya koma ta banki da Remita, manhajar da ake biyan gwamnati kuɗi ta cikinta. Wanda ya yi jinya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san sauran: babu tsabar kuɗi, taransifa ta maƙale, mara lafiya na kwance ana jiran alat. Nan aka samu sababbin 'yan tsakiya, mai POS da yaron shagon kwamfuta, kowa da ladansa. Haka aka yi da tallafin naira 25,000 na wata uku da gwamnatin tarayya ta sanar a Oktoban 2023 don gidaje miliyan 15. Da aka ɗaure shi da NIN da asusu, tsohuwar da ta fi kowa bukata ita ce wadda sunanta na NIN bai yi daidai da na banki ba, ko injin ya ƙi karɓar yatsanta saboda aiki ya cinye zanen.

Abin da ya fi damuna, wanda ba a cika magana a kai ba, shi ne sirri. Mata da yawa idan muka ce su ba da lamba, ta maigida suke bayarwa, ko ta babban ɗa. To duk saƙon tunatarwa can zai tafi. Na ga matar da ta daina zuwa karɓar magani saboda saƙo ya shiga wayar da mutum huɗu ke amfani da ita a gida. Ki yi tunanin mai zuwa tazarar haihuwa, ko mai shan maganin ƙanjamau, ko budurwar da ke ganin likitan ƙwaƙwalwa. Katin takarda ana iya cusa shi ƙarƙashin katifa, saƙon waya kuwa wanda ya riga ɗauka shi ya karanta. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, amma ba ta shiga tsakar gida ta hana ƙanin miji duba waya.

Su ma ma'aikata abin ya taɓa su. Likita idonsa na kan allo yana bugawa, tsohuwa na ba shi labarin ciwonta, ta fito tana cewa ko kallonta bai yi ba. Ran da aka ɗauke wuta ko netwok ya tafi, layi ya tsaya cik sai an koma biro da takarda.

Game da Hajiya, ki yi mata rajista da layin da ke hannunta ko naki, ba na wani ɗan da ke Legas ba. Ki duba sunanta da ranar haihuwa su zo ɗaya a NIN da banki da asibiti, domin gyara daga baya yana cin lokaci da kuɗi. Lambar asibitin da za su ba ta ki rubuta a takarda ta zauna cikin jakarta, tare da sunayen magungunanta. Idan kuma akwai saƙon da ba ta so ya shiga waya, ta faɗa tun a wurin rajista kafin a shigar da lambar. Allah ya ba ta lafiya.