Tambaya da Amsa: Sai na zama likita kafin in yi binciken mantuwar tsofaffi?

TAMBAYA: Salam Anti, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karanta saikoloji, tunda kakata ta fara manta sunayenmu nake son in yi bincike kan ƙwaƙwalwar tsofaffi. Wai dole sai na koma na karanci likitanci? Kuma me ake yi a aikin takamaimai?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ba kaka lafiya. A'a ba sai kin koma ba. Rubuta magani na likita ne, ke hanyarki niyurosaikoloji ce, wato nazarin alaƙar ƙwaƙwalwa da tunani da halayya, ki yi mastas ki yi digirin digirgir sannan horo a asibiti, a Amurka ma sai an ƙara shekara 2 a kai.

Aikin kuwa yawancinsa zama ne da tsoho, da takarda da fensir, ba na'ura ba kamar yadda mutane ke zato. Akwai gwajin ƙwaƙwalwa da ake kira MoCA mai maki 30, za ki ce ya zana agogo ya nuna 11 da minti 10, ki faɗa masa kalmomi 5 anjima ki tambaye shi, to a nan gwanintar take, wanda in kin ɗan tuna masa ya cafke kalmar daban ne da wanda ko kin tuna masa babu ita sam. Wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba ana ƙara masa maki 1, don ƙarancin boko ba cuta ba ne. Kuma kar ki yi saurin cewa gigin tsufa ne, ƙarancin bitamin B12 ko ciwon damuwa ko raunin ji duk suna sa tsoho ya zama kamar ya ruɗe.

Sai fa haƙuri. Brenda Milner, wata masaniyar niyurosaikoloji a Kanada, ta yi shekaru tana bibiyar H.M., mutumin da aka yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa a 1953 ya daina riƙe sabon abu, kullum ta je sai ta sake gabatar da kanta, amma hannunsa na ta ƙwarewa a zanen tauraro ta madubi alhali bai tuna ya taɓa yi ba. Daga nan aka gane ƙwaƙwalwa ba rumbu ɗaya gare ta ba.

Aiki kam akwai, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55 a duniya. Ki dage da darasin ƙididdiga tun yanzu, shi ne ke kada ɗalibai da yawa.