Ƙwayar cuta a matsayin maganin ciwon daji (kansa): amsoshin tambayoyinku

Likita, barka da aiki. Na ji a rediyo wai Turawa na ɗura wa mai ciwon daji ƙwayoyin cuta don ya warke. Anya kuwa? (Wani tela, Gangare, Jos)

Malam, gaskiya ka ji, kuma maganar ta haura shekara ɗari. A 1891 wani likitan tiyata a New York ta Amurka, William Coley, ya lura akwai masu ƙari da ƙarin nasu ya motse bayan sun yi fama da wani ciwon fata mai zazzaɓi. Sai ya fara yi wa waɗanda tiyata ta gagara allurar ƙwayar da ke kawo ciwon. Wasu ƙarin ya narke, wasu kuwa ƙwayar ce ta yi ajalinsu, shi ya sa ya koma ga matattun ƙwayoyi. Da gashin na'ura da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa) suka shigo, sai aka jingine hanyarsa.

Ba ƙwayar ce ke cinye ƙarin ba. Kansa daga jikin mutum take tsirowa, don haka sojojin jiki kallon 'yar gida suke yi mata. Baƙuwar ƙwaya ce ke tayar da su, idan kuma suka taso sai su haɗa har da ƙarin da suka tarar a wurin.

Likita, mahaifinmu yana fitsarin jini, an ce kansar mafitsara ce. Na karanta cewa ana maganinta da BCG, amma likitansa ya ce ba za ta yi masa ba. Ko dai don ya ga ba mu da hali ne? (Wata 'yar kasuwa, Bukuru)

Allah Ya ba Baba lafiya, Hajiya. Kada ki yi saurin zargin likitansa.

BCG ɗin nan ita ce allurar tarin fuka da ake yi wa jarirai ranar haihuwa, wadda ke barin tabo a damtse. Ƙwayar tarin shanu ce da wasu masu bincike biyu, Calmette da Guérin, suka raunana a Faransa, aka fara ba mutane a 1921. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya wallafa sakamakon gwajin zuba ta cikin mafitsara, kuma har yau ita ce ƙwayar da ta fi samun gindin zama a maganin kansa.

Ga yadda ake yi. Da farko a shiga ta mafitar fitsari a kankare ƙarin. Bayan wurin ya warke, a sa robar fitsari a ɗura ruwan maganin, mutum ya riƙe shi kamar awa 2 kafin ya fitsarar. Sau ɗaya a mako, mako 6 a jere, wasu a ci gaba da ƙara musu lokaci-lokaci. Zafin fitsari da yawan zagayawa da ɗan zazzaɓi ba abin mamaki ba ne. Da yake ƙwayar tana da rai, akan ce majinyaci ya zuba sinadarin kashe ƙwayoyi a masai bayan ya yi fitsari a ranar. Mai tarin fuka a jiki, da mai raunin garkuwa, da mai juna biyu, da wanda jini ke zuba a lokacin, ba a ba su.

Amma ga inda gizo ke saƙar: BCG tana aiki ne idan kansar tana bisa fatar cikin mafitsara. Da zarar ta nutsa cikin tsoka, magana ta koma ta tiyata da kemo ko gashi. Mutanenmu da yawa kuwa sai ta nutsa suke zuwa, domin an saba ɗaukar fitsarin jini a matsayin tsargiya kawai. Ita tsargiyar ma, wadda yara ke kwasowa wajen wanka a kududdufai da madatsun ruwa, idan ta daɗe ba magani tana jawo wani nau'in kansar mafitsara da ba BCG ce maganinsa ba. Ki tambayi likitan abu biyu: wane nau'i gwajin tsokar ya nuna, kuma ta shiga tsoka ko ba ta shiga ba?

Dokta, an ce ana gwada Salmonella a kan kansa. Ashe wanda ya yi taifot ya samu kariya ke nan? (Ɗalibi, Jami'ar Jos)

A'a, ɗan'uwa, ko da yake ƙwayar taifot ma nau'in Salmonella ce. Wanda ƙwayar taifot ta zauna masa a matsarmama shekara da shekaru ma haɗarin kansar wurin ne ke ƙaruwa gare shi. Wadda ake gwadawa 'yar'uwarta ce da aka cire wa dafi a ɗakin bincike. Hikimar ita ce, tsakiyar babban ƙari ba ya samun isasshen jini da oksijin, magani ba ya isa can sosai, alhali ƙwayoyi irin su Salmonella da Clostridium suna iya zama a irin wannan wuri. A jikin ɓeraye an ga abin mamaki. A jikin mutane kuwa, gwajin Salmonella da aka yi a Amurka farkon shekarun 2000 bai narkar da ƙari ba. Bincike na ci gaba, amma duk wanda ya ce yana sayar da wannan magani yau, kuɗinka yake so.

Likita, gwaggona na karɓar kemo na kansar mama. An ce mu bari, mu riƙa ba ta ɗanyen nono, wai ƙwayoyinsa za su kashe ciwon. (Wata uwa, Rikkos)

Don Allah kada ku bari. Kindirmon da aka tafasa madararsa abinci ne mai kyau, amma ba ya kashe ƙari. Ɗanyen nono kuma yana iya ɗauko tarin shanu, ga kemo ta riga ta rage wa Gwaggo garkuwa. Ku tafasa, ku kuma kai ta ranar da aka rubuta mata.