Amsa: Yadda babur zai daɗe ba a sauke injinsa ba

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda Bajaj Boxer ɗinka zai jure doguwar tafiya. Babban abin lura shi ne baƙin mai, wanda ya kamata ka juye shi tun bai tsinke ba, kusan duk kilomita 2,000 idan kana bin hanyar ƙasa, kuma ka guji na kwalba da ake sayarwa a bakin titi. Da hunturu ƙura takan toshe matatar iska har injin ya riƙa zuƙar fetur yana rasa ƙarfi, saboda haka ka riƙa duba ta duk mako. Sarƙa kuwa, kada bakanike ya ɗaure ta tamau, ya bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu.