Na'urar ƙara ji ga tsoho: tace sauti kafin ƙara masa ƙarfi

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo ne a Zariya. Jin mahaifina ya ragu saboda tsufa, sai na haɗa masa 'yar na'ura da ƙaramin makirfo da LM386 (IC mai ƙara ƙarfin sauti) da batir mai bolt 9. Tana da ƙara sosai, amma tana fito da shuu, kuma ya ce yana jin murya amma ba ya gane magana. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan kula da mahaifi. Ina kyautata zaton ka sa kafasita mai maikurofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, wanda ke ɗaga ninkin LM386 daga 20 zuwa 200. Cire shi tukuna, domin da wannan ninki hayaniyar na'urar kanta take ƙaruwa, kuma sautin da ya fita daga abin kunne yakan koma makirfo ya zama fito.

Abin da Baba ya faɗa shi ne jigon matsalar. Kunnen tsoho yakan fara rasa siraran sautuka, irin su "s" da "sh" da "ts", waɗanda da su ake bambanta "sara" da "shara" da "tsara". Kaurin murya kuwa yana jin sa. Idan ka ƙara komai bai ɗaya, gurnanin janareta da ƙugin wutar lantarki mai Hz 50 ne za su danne 'yan baƙaƙen da yake nema.

Don haka ka raba aikin gida biyu: tace sauti da farko, sannan ƙara masa ƙarfi. Ka ciyar da makirfon ta rezista mai kilo'om 4.7, sannan sautinsa ya ratsa kafasita mai nanofarad 47 da rezista mai kilo'om 10 ya shiga ƙafar ragi (−) ta TL072, IC ɗin da zai yi aikin tacewar, ƙafar tarawa (+) kuma ka tsayar da ita a rabin ƙarfin batir. Tun da rezista mai 4.7 da mai 10 suna haɗuwa su zama kilo'om 14.7, wannan yana rage duk abin da ke ƙasa da kimanin Hz 230. A hanyar da ke maido da sauti daga mafitar TL072 zuwa ƙafar ragi, sa rezista mai kilo'om 100 gefe da gefe da kafasita mai fikofarad 330, sai a sami ninki kusan 7 da yanka a wajen Hz 4,800. Lissafin shi ne 1 a raba da 2πRC. Wayar tarho tana tsayawa a Hz 3,400, amma ban so ka bi ta a nan, saboda za ka zubar da abin da kunnensa ya fi ƙishirwarsa. Daga nan sai maɓallin murɗa ƙara mai kilo'om 10, sai LM386 a ninkinsa na 20.

Ka gajarta wayoyin makirfo, ka nisanta shi da abin kunne, ka kuma sa kafasita mai maikurofarad 100 a kan layin batir dab da LM386. Rezista mai om 100 a jere da abin kunnen zai rage shuu, ya kuma sassauta bugun ƙofa ko faɗuwar kwano.

Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin sautin da ya kai desibel 85 yana ɓata ji idan aka jima a cikinsa, kuma na'urarka ba ta iya rage kanta kamar ta asibiti. Ka kai shi a auna kunnuwansa, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, tun da wani lokaci dauɗar kunne ce ta toshe, wankewa kawai take buƙata.