Suna a Wani Kamfani, Masauki a Wani: Yadda Ake Haɗa Su

Ka ce mai aikin ya sayi sunan shafinsa a kamfani ɗaya, kai kuma ka kama masa masauki, wato wuri a kan saba (kwamfutar da ke ajiye shafi) a wani kamfanin, ka saka lambar IP, wato lambar adireshin sabar, a inda aka sayi sunan, amma shafin ya ƙi buɗewa. To ɗana, kada ka ƙara taɓa komai tukuna. Fara duba wace sabar suna ce ke rubuce a kan sunan nan, domin yawanci a nan matsalar take.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan mutum ya rubuta sunan shafi a burauza, tsarin DNS ne ke nemo lambar sabar da shafin yake zaune a kai. Sabar suna ita ce mai riƙe da littafin da ake dubawa, kuma littafi ɗaya kawai duniya ke karantawa: wanda ke hannun sabar da aka rubuta a rajistar sunan. In ka riga ka mayar da sabar suna zuwa ta kamfanin masauki, sannan ka koma kamfanin rajista, wato inda aka sayi sunan, kana gyara lambobi, to kana rubutu ne a littafin da ba wanda ke buɗewa.

Saboda haka hanya biyu ce, ka zaɓi ɗaya. Ko dai ka ɗauki sunayen sabar da masauki ya turo maka a imel, waɗanda galibi ke farawa da ns1 da ns2, ka saka su a kamfanin rajista, daga nan duk wani gyara a masauki za ka riƙa yin sa. Ko kuma ka bar sabar suna yadda take, ka gyara layi biyu kawai: layin A mai alamar @, wato sunan shafin ba tare da www ba, ya nuna lambar IP ta masauki, layin CNAME na www kuma ya nuna sunan shafin kansa. Kada ka ɗora CNAME a kan @, ƙa'idar DNS ba ta yarda ya zauna tare da wasu layuka a wuri ɗaya ba. In ka tarar da tsohon layin A ko AAAA (ɗan'uwan A ne, na sabon salon lambar IP) mai nuna wata saba, goge shi, in ba haka ba wasu za su ga shafin, wasu su ga wani abu daban.

Ni dai hanya ta farko nake bi idan suna sabo ne fil, ba a taɓa amfani da shi ba. Amma idan mai aiki yana karɓar imel da sunan nan, sai ka yi hattara ƙwarai. Layukan MX ne ke faɗin inda wasiƙa za ta sauka, layukan TXT kuma su ke shaida cewa wasiƙar da ya aika tasa ce. Ranar da ka sauya sabar suna, waɗannan ba sa bin ka da kansu. Shafi zai buɗe, kana murna, imel ɗin mutum kuwa ya tsaya bai sani ba, sai abokan hulɗarsa sun fara kiran waya. Kwafe kowane layi ka ajiye, ka shigar da su a sabon wurin, sannan ka sauya. In aikin ya yi maka yawa, bi hanya ta biyu, ba ta taɓa layukan imel.

Akwai kuma abin da yara ke yawan mantawa: masaukin ma sai ka gaya masa sunan. Saba ɗaya tana iya ɗaukar shafuka masu yawa a kan lamba ɗaya, da suna take bambanta su. Shiga cPanel, wato shafin da ake sarrafa masauki da shi, ko duk abin da kamfanin masaukin ke amfani da shi, ka ƙara sunan, ka nuna masa babban fayil ɗin da shafin yake ciki.

Sai jira. Kowane layi yana da TTL, wato daƙiƙun da sauran sabobi za su riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya. 3600 awa ɗaya ke nan. Sauya sabar suna a kan .com na iya kai awa 48 kafin kowa ya gani, don haka kada ka yi ta sauye-sauye kana cewa bai yi ba. In ka san za ka yi ƙaura, rage TTL zuwa 300 tun kwana ɗaya kafin nan.

Kada ka dogara da burauzarka wajen gwaji, tana riƙe tsohon abu. Buɗe wurin rubuta umarni ka buga nslookup da sunan shafin. In lambar da ta fito ta masauki ce, haɗi ya yi. Daga nan ne za ka kunna takardar tsaro ta SSL, wadda ke sa shafi ya buɗe da https. Masu ba da wannan takarda da ake kira Let's Encrypt kyauta suke bayarwa, amma sai sun tabbatar sunan yana hannunka, kuma a irin wannan masauki da sun ga bai iso sabar ba za su ƙi. Ka nema wa sunan da www da wanda ba www gaba ɗaya.

Yanzu je ka duba sabar sunan, ka turo min abin da ka gani tare da hoton layukan.