Ɗalibaina na gyangyaɗi tun kafin a fita tara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugabar wata makarantar firamare ce. Tun kafin a fita tara yara da yawa sun fara gyangyaɗi, ga shi filin wasanmu bai taka kara ya karya ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da tambayarsu abin da suka karya da shi. Yaron da ya fito da shayi da biskit kawai, kafin awa biyu cikinsa ya ɗau ƙugi, hankalinsa ya bar allo. A roƙi iyaye su haɗa masa abincin hatsi da abin da ke riƙe ciki: dafaffen ƙwai ɗaya, ko wake, ko kofin madara.

Wanda kuma kullum a gajiye yake ko ya ƙoshi, ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki dubi tafin hannunsa. In sun yi fari fat, a kai shi a auna jininsa. Ƙarancin sinadarin ayan, wanda jiki ke bukata don yin jini, ne ya fi jawo haka, shayi kuwa yana hana jiki tsotsar ayan in an sha shi tare da abinci. A bar tazarar awa ɗaya, a ba shi lemon zaƙi a madadinsa. Tsutsar ciki ma tana shan jini. Ma'aikatan lafiya kan ba 'yan makaranta maganin tsutsa albendazole mai miligiram 400 sau ɗaya ko biyu a shekara inda matsalar ta yi yawa.

Lemon kwalba dai ki hana sayar da shi a harabar makaranta. Gwangwani ɗaya na kola mai mililita 330 na ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9.

Batun fili kada ya dame ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 na bukatar motsa jiki na minti 60 a rana, ba kuma sai a jere ba. Minti 10 a taron safe, minti 3 na tsalle da miƙa a gefen benci tsakanin darussa, minti 20 na tsallen igiya da tsere lokacin tara, tafiya gida ta cike sauran. Alamar motsin ya isa ita ce yaro ya riƙa haki amma yana iya magana.

Inda ake kuskure shi ne a jefa ƙwallo ɗaya a fili: manyan maza su mamaye, 'yan mata da ƙanana su koma 'yan kallo. A raba su rukuni-rukuni, kowane da igiyarsa. Don Allah kuma a daina horon yaro da hana shi fita tara, domin wanda ya kasa zama wuri ɗaya shi ya fi kowa bukatar gudun.